Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamai Da Limamanmu: In Mara Lafiya Ya Ce "Gara In Huta"

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina farawa da neman afuwa, domin ba hurumin irina ba ne in tsaya gaban malamai ina dogon bayani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, karatuna na addini bai wuce na Islamiyya ba, sai abin da nake tsinta a wa'azinku na rediyo da tafsirin watan azumi. Amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk inda na juya ta sai in ga rabin maganinta a bakinku yake.

Maganar ta mara lafiyan da ciwonsa ya kai inda likita ya ce sai addu'a ce: ciwon daji da ya bazu, ƙoda da ta daina aiki, hanta da ta lalace, shanyewar jiki da ta kwantar da mutum shekara da shekaru. A cikin waɗannan bayin Allah akwai waɗanda wata rana, galibi da tsakar dare, sukan buɗe baki su ce, "Ni kam na gaji. Gara Allah ya ɗauki raina in huta, ku ma ku huta." Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. A sa salati, a tare shi da "Subhanallahi, daina faɗin haka, saɓo ne," gari na wayewa a aika yaro ya kira malam. Malam ya zo ya yi nasiha a kan haƙuri, ya kawo ƙissar Annabi Ayuba, ya yi tofi a ruwa, ya tafi. Mara lafiya ya yi tsit. 'Yan gida su ce alhamdulillahi, nasiha ta shiga. Mu da muke kwana da su mun san abin da shirun yake nufi. Ya gane cewa wannan magana ba a faɗin ta, sai ya haɗiye ta, kuma a kan ciwon da ke cin sa an ƙara masa tsoron cewa ya saɓa wa Ubangijinsa a ƙarshen rayuwa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban zo neman a sassauta hukunci ba. Allah ya ce kada ku kashe kawunanku, a Suratun Nisa'i, kuma ban taɓa jin malami ɗaya a ƙasar nan, na Musulunci ko na Kirista, da ya halatta wa likita ɗaukar ran mara lafiya ba. Dokar ƙasa ma ta hana. Holan da Beljiyam sun halatta hakan tun 2002, Kanada ta bi sahu a 2016, a Birtaniya kuma an tafka muhawara a majalisa a 2024 da 2025. Wannan hanyarsu ce, ba na fatan ta iso mana. Abin da nake cewa shi ne haramcin ya gaya mana abin da ba za mu yi ba, ya rage mu tambayi abin da ya wajaba mu yi wa mutumin da ya kai ga furta wannan kalma. Wannan ba zai yiwu ba sai mun san abin da ya kai shi.

Abin mamaki, waɗanda suka fi kowa tattara amsar wannan tambaya su ne waɗancan da suka halatta abin. A jihar Oregon ta Amurka, tun 1997 doka ta ba likita damar rubuta maganin mutuwa ga baligin da aka tabbatar kwanansa bai wuce wata 6 ba, kuma kowace shekara hukumar lafiyar jihar na fitar da rahoton dalilan da suka sa mutane suka nema. Kowa zai zaci raɗaɗi ne a gaba. Ba shi ba ne. Shekara bayan shekara, kusan 9 cikin 10 abin da ke damun su shi ne sun daina iya yi wa kansu komai, kuma abubuwan da ke sa rayuwa daɗi sun gagare su. Bayan wannan sai zubewar mutunci. Kusan rabi sukan ambaci zama nauyi ga iyali. Raɗaɗi ko tsoronsa yana can ƙasa, bai kai rabi ba. Wani abin lura kuma, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta wa maganin ba sa shan sa har ajalinsu ya zo da kansa.

A Kanada wani likitan ƙwaƙwalwa, Harvey Chochinov, ya zauna da marasa lafiya 200 da ke gargarar ciwon ajali a garin Winnipeg, ya wallafa abin da ya gano a 1995. Fiye da kashi 40 cikin 100 sun amsa cewa lokaci-lokaci sukan ji da ma mutuwar ta zo da wuri. Amma waɗanda abin ya zauna musu a zuciya da gaske ba su kai 1 cikin 10 ba, kuma a cikin waɗannan fiye da rabi suna fama da ciwon damuwa, irin wanda ake ganewa a asibiti a kuma yi maganinsa. Daga baya shi da abokan aikinsa suka nuna cewa son rayuwa a wurin irin waɗannan mutane hawa da sauka yake yi, har a cikin yini guda. Wannan kam ba sai an je Kanada ba. Duk wadda ta yi aikin dare ta ga wanda ya roƙi mutuwa da ƙarfe biyu, da hantsi kuma yana tambayar ko an sayar da raguna da daraja a kasuwar jiya.

Sai dai lissafin Oregon ba namu ba ne gaba ɗaya. Raɗaɗi ya koma ƙasa a jerinsu ne saboda suna da maganinsa. Mu a nan shi ne a sahun gaba, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ne maganarku za ta fi aiki.

Ciwon daji idan ya shiga ƙashi, ko ya danne jijiya, zoginsa ba irin wanda Panadol ke taɓawa ba ne. Na ga dattijo mai kamun kai, wanda a rayuwarsa ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana cizon matashin kai don kada matan gida su ji nishinsa. Maganin irin wannan raɗaɗi sananne ne, kuma ba sabo ba ne: mofin. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ba da maganin raɗaɗin ciwon daji hawa-hawa, a fara da mai sauƙi, in bai yi ba a hau na gaba, har a kai ga mofin. Na ruwa ake sha ta baki, duk bayan awa 4, bisa agogo, ba sai ciwon ya taso ba. Babbar matsalarsa taurin bayan gida ce, ita ma da maganinta. Idan likita ya auna shi daidai da jikin mutum, ba ya gajarta kwana, ba ya mayar da mai ciwon ajali ɗan ƙwaya. Abin da yake yi shi ne ya ba mutum damar barci, ya ci abinci, ya yi alwala ko taimama, ya yi sallarsa da natsuwa. Kuma yana cikin magunguna mafi arha a duniya.

To amma ina yake? A 2017 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya auna yawan irin wannan magani da kowace ƙasa ke samu, ya kwatanta da yawan masu buƙatarsa. Najeriya ta tashi da kashi 0.2 cikin 100. Wato a cikin cokali 1,000 da ake buƙata, 2 ake samu. Wannan a ƙasar da ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ke nuna mutum sama da 120,000 na kamuwa da shi kowace shekara, kusan 80,000 na mutuwa, kuma mafi yawansu ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa.

Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, ko da yake tana da kasonta mai tsoka. Akwai tsoro. Bala'in kodin da tiramadol ya girgiza Arewa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma daidai ne da aka yi hakan. Ku ma kun yi huɗubobi a kai, Allah ya saka da alheri. Amma tsoron ya yi ambaliya ya ci har waɗanda ba su ji ba su gani ba. Likita na ɗari-ɗarin rubuta mofin. Mai ba da magani na gudun takardun da za a tuhume shi a kansu. Idan ma an samu an kawo, sai babban ɗa ya ce, "Ba za a ba mahaifiyarmu kayan maye ba, so kuke ta cika ba ta cikin hayyacinta?" Sau da dama na ga kwalba a ajiye a kan tebur ba a buɗe ba, mai ita na murƙususu a gefe. Ni in na yi bayani, nas ce kawai, ma'aikaciyar boko. In liman ya faɗa a kan mumbari, magana ta ƙare.

Ku kuka fi ni sanin cewa malaman mazhabarmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Imam Al-Ƙarafi ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke sa barci ya gusar da ji, kuma ba hukunci ɗaya ya ba su ba. Babu malamin da ya hana allurar barci ga wanda za a yi wa tiyata. Abin da nake roƙo, majalisun malamai su zauna da likitocin da suka san harkar, su fitar da fatawa a rubuce, da Hausa, a kan shan mofin bisa umarnin likita ga mai matsanancin raɗaɗi, a karanta ta a rediyo, a manna ta a ɗakunan marasa lafiya. Sa'an nan idan kun shiga wurin gwamna ko kwamishina, domin ku ƙofa a buɗe take muku, ku tambaye su me ya hana a yi abin da Yuganda ta yi. A can wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya tun tana matashiya, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kampala a 1993. Garin mofin ake kaɗawa da ruwa, a sa masa launi don a bambance ƙarfinsa, a zuba a kwalabe. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta, ta ba ma'aikatan jinya da aka horar damar rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba. Mu ma muna da waɗanda suka fara, irin su Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta a Ibadan, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan wannan kulawa a 2021. Amma takarda ba ta isa ɗakin tsohuwar da ke kwance a ƙauye ba.

Bayan raɗaɗi sai kuɗi, kuma wannan ya fi ɓuya, domin mara lafiya ba ya faɗin sa kai tsaye. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa. Mai wankin ƙoda ana so ya hau inji sau biyu ko uku a mako, har iya rayuwarsa, in ba dashe aka yi masa ba. Mutanen Gashuwa da kewaye, inda ciwon ƙoda ya yi yawa, sun san wannan lissafi fiye da kowa. Mutum yana kwance a ɗaki, idonsa a rufe, ana zaton barci yake, alhali yana jin 'ya'yansa a zaure suna ƙus-ƙus. An sayar da shanu. An sayar da babur ɗin ƙaraminsu. Yanzu ana maganar gonar fadama, wadda ya gada daga mahaifinsa, ya kuma ƙudurta ita zai bar wa marayunsa. Ya ji an cire jikarsa daga makaranta. Da safe ya ce, "Kada a sake kai ni asibiti, ku bar ni haka." Sai a ce ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ni abin da nake gani a wurin uba ne yana ƙoƙarin kare iyalinsa da abu ɗaya da ya rage masa iko a kai.

Nan akwai tambayoyi biyu da mutane ke jin nauyin yi muku. Ta farko, idan likitoci amintattu sun ce magani ba zai ƙara komai ba sai wahala, shin mara lafiya ya yi laifi in ya ce a tsaya, a mayar da shi gida a kula da shi? Shin 'ya'yansa sun yi rashin biyayya in ba su sayar da gidan da suke ciki ba? Gidaje da yawa sun talauce saboda tsoron a ce ba su yi wa iyayensu ƙoƙari ba. Akwai tazara mai nisa tsakanin kashe rai da barin maganin da ba shi da amfani, malamai sun yi bayanin wannan tun da daɗewa, amma bayanin bai sauko ƙasa ba. Ta biyu, ina zakka? Allah ya ambaci waɗanda bashi ya yi wa katutu a cikin mutum takwas da ake ba wa. Ina hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu, ina attajiran da ke sahun farko? A Alƙahira, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 da dukiyar waƙafi yake tafiya, ana duba kowa kyauta. Mu kuwa a unguwa ɗaya sai ka ƙirga masallatan da aka sa wa tayil da na'urar sanyaya ɗaki, babu asusu ko ɗaya na masu doguwar jinya.

Kuma tunda an zo maganar dukiya, akwai masu cin ta da sunan addini. Mota da lasifika a bakin kasuwa, ko shiri a rediyo, ana rantsuwa da Allah cewa ana warkar da daji cikin mako kaza, ana haɗawa da ayoyi. Wasu su ce jifa ne, a nuna kishiya ko matar wa, a bar gida da gabar da za ta wuce mamacin da shekaru. Kuɗin da zai sayi maganin raɗaɗi na watanni ya tafi a jarka ɗaya. In ya gaza, a ce mara lafiya ne bai yi yaƙini ba. Waɗannan da rigarku suke fakewa, ku ya kamata ku tuɓe musu ita.

Yanzu sai abin da ya fi wuyar faɗa a gaban malamai, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata baiwar Allah da na yi jinya a gida, ciwon daji ne a mama, ya fashe ya zama gyambo. Mace ce mai tsafta, irin wadda a da ƙamshin ɗakinta ke tarbar baƙo tun daga tsakar gida. Da ciwon ya fara wari, sai aka mayar da ita ɗakin ƙarshe. Ana kunna turaren wuta a bakin ƙofa safe da yamma. An hana jikoki shiga. Masu dubiya su tsaya daga waje, gefen mayafi a hanci, su ce "Sannu, ya jiki?" ta ce "Da sauƙi," su ajiye lemo su wuce. Tana ganin komai. Ba ta taɓa yi mini kukan raɗaɗi kamar yadda ta yi kukan wannan ba. Ranar da ta ce da ma ta mutu, abin da ya faru shi ne 'yar autarta ta shigo da kwano, ta yi yunƙurin amai, ta fita da gudu. Warin nan kuwa yana da magani, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Wanke gyambon yadda ya kamata da barbaɗa garin Flagyl da aka niƙa, bisa shawarar ma'aikacin lafiya, yakan rage shi ƙwarai cikin 'yan kwanaki. Da aka yi mata, aka buɗe taga, jikokin suka dawo suna hawa gadonta, ban sake jin wannan kalma a bakinta ba har Allah ya karɓi abinsa.

Haka namiji da ya saba shi ke ba da umarni, yau ɗansa ne ke ɗaga shi ya sa masa fo, ko 'yarsa ce ke canza masa zane. Haka matar da aka ce ta tafi gidansu jinya, ta ji labarin ana shafa wa ɗakinta fenti. Mu mutane ne masu kunya, tsiraici a wurinmu ya fi ciwo ciwo. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a addini. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri a kan Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Amma ta ƙara da roƙo ɗaya, a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ciwon ya taso. Ya kuwa yi mata. Bai ce mata wanda ya zaɓi haƙuri ba ya neman sutura ba.

Akwai kuma kaɗaicin da muke jefa su ciki da kyakkyawar niyya. Likita ya kira 'yan'uwa gefe ya gaya musu gaskiya, su kuma su haɗa baki a ɓoye wa mai ciwon. "Likita ya ce gyambon ciki ne, za ka warke." Mutum kuwa jikinsa na gaya masa. Ya san ana yi masa ƙarya, su ma sun san ya sani, kowa na wasa da kowa. Yana da bashin da bai faɗa ba, da amanar da ke hannunsa, da ɗan'uwan da suka shekara ba sa magana, da tsoron kabari da yake son ya tambayi wani a kai. Da ya ɗauko zancen sai a ce, "Haba Baba, kai da za ka ga auren jikokinka." Likitar nan ta Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba, ya haɗa da na zuciya, da na iyali, da na tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa zafi. Mu allura muka iya. Wancan na ƙarshen fanninku ne. Addinin da ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, bai dace a ce mabiyansa ne ke hana mutum sanin lokacin yin ta ya yi ba. Ba cewa nake a faɗa wa kowa komai da ƙarfi ba. Wani ba ya son ji, a bar shi. Amma wanda ya tambaya, a ba shi amsa da taushi.

Ciwon damuwa kuma cuta ce kamar hawan jini. Wanda ya daina jin daɗin komai, ya juya fuska bango, yake ganin kansa ba shi da amfani, yake ta nanata zancen mutuwa kullum, ko ya fara ambaton yadda zai yi, wannan likita yake buƙata cikin gaggawa, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Faɗin haka daga bakin malami zai cire wa iyali kunyar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa.

Hadisin da kuke kawowa a irin wannan zama, na Anas, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa kada ɗayanku ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, sau da yawa a rabinsa ake tsayawa. Ragowarsa ita ce ta fi taɓa ni: in kuwa ba makawa sai ya yi, to ya ce, Ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce ta fi alheri gare ni, ka karɓi raina in mutuwa ce ta fi alheri gare ni. Manzon Allah ya san akwai wanda zai kai inda ba makawa. Bai kore shi ba, ya ba shi kalmomin da zai faɗa. Khabbab ɗan Aratti, sahabin da aka kwantar a kan garwashi a Makka bai bar addininsa ba, a ciwonsa na ƙarshe masu dubiya sun same shi an yi masa lalas har wuri bakwai, ya ce musu ba don Annabi ya hana mu roƙon mutuwa ba, da na roƙe ta. Wa zai ce imanin Khabbab ya yi rauni? Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta ce kaitona, da ma na mutu kafin wannan. Amsar da ta zo mata ba tsawa ba ce. An ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabino ya zubo miki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankali. Shi kansa Annabi Ayuba da ake ba su misali da shi, ai ya buɗe baki ya ce cuta ta shafe ni, kuma Allah ya kira shi mai haƙuri.

Don haka idan an kira ku gidan da aka furta wannan kalma, ina roƙon ku da girman Allah ku zauna tukuna. Ku sa a rage jama'a a ɗakin. Kafin nasiha ku tambaye shi, "Me ya fi damun ka a yanzu?" sa'an nan ku yi shiru ku saurara, ko da shirun ya yi tsawo. In ya ce ciwo, ku tambayi 'yan gida wane magani ake ba shi, ku tura su su koma wurin likita su ce raɗaɗin bai kwanta ba. In ya ce yara, ku kira yaran. In bashi ne, ku san attajirin da za ku taɓa. In tsoron haɗuwa da Allah ne, ku ne gwanayen ayoyin rahama. Wani kuma za ku tarar ba ko ɗaya, ya dai gama shirinsa ne, ya yafe wa kowa, yana jiran lokaci da natsuwa. Wannan ba ya buƙatar gyara, a taya shi da addu'ar cikawa da imani.

Ku kuma leƙa wadda ke jinyar. Kusan kullum mace ce, 'ya ko mata ko suruka, ta yi watanni ba ta yi barcin kirki ba, kuma mara lafiya na kallon ramarta yana ƙirga ta cikin laifinsa. Kwamitin masallaci da ke iya tsara masu gadin unguwa da masu wankan gawa zai iya tsara matan da za su riƙa karɓar ta na yini ɗaya a mako, da matasan da za su riƙa ɗaga dattijo su yi masa wanka. Horon da ake buƙata kaɗan ne, juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, wanke ciwo, ba da magani a kan lokaci. Mu ma'aikatan jinya muna nan a kowace unguwa, wasunmu sun yi ritaya suna zaune a gida. In liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, za mu zo mu koyar.

Allah ya gafarta malamai, in na yi kuskure a nassi ku gyara mini.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarku,
wata ma'aikaciyar jinya.